Scania 143 mai taya goma: kundin aikin da nake yi a tebur

4 ga Janairu

Yau na sauko da kwalin da ya shekara biyu a saman kabad yana jirana. A cikinsa ƙaramin samfurin babbar mota ne da ake harhaɗawa daga sassan filastik, Scania R143M Streamline ta kamfanin Italeri na Italiya, a awon 1:24, wato milimita ɗaya a tebur tana matsayin milimita 24 a jikin motar gaske. Yadda ta zo a kwali, kan tirela ne mai aksul biyu da taya shida. Ni kuwa so nake in mayar da ita mai taya goma, aksul biyu a baya kuma dukansu suna ja, irin wadda ake rubuta wa 6x4, mai jan kaya masu nauyin gaske.

Sunan motar da kansa yana faɗin abin da ke gabana. Lamba 14 na nufin injin V8 mai lita 14, wanda Scania ta fara fitarwa tun 1969. Lamba 3 kuma zubi na uku ke nan, wanda ya fito a 1987, aka yi masa gyaran fuska na Streamline a 1991, kafin zubi na huɗu ya karɓe shi a 1995. Harafin ƙarshe shi ne ƙarfin firam: M matsakaici, H mai nauyi, E kuma mai nauyi na ƙarshe. Saboda haka idan na ce zan mayar da M ta koma E, ba tambarin gaban mota kawai zan canza ba. Firam, sifirin, aksul, farfela (sandar da ke kai juyin inji zuwa aksul), duk sai an taɓa su, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a kwalin. Sai in sayi sassan rezin daban, wato wani irin filastik mai tauri da ake samu daga ruwa idan ya daskare.

Sharaɗi ɗaya na gindaya wa kaina. Idan na ɗora motar a kan gilashi, tayoyin goma duka su taka ƙasa, kada takarda ta iya shiga ƙarƙashin ko ɗaya. Na sha ganin motoci masu fenti kamar a lasa, amma ka durƙusa ka leƙa sai ka ga tayar tsakiya tana lilo a iska. Daga nan ido ba ya ƙara yarda cewa mota ce mai nauyin tan da yawa.

11 ga Janairu

Kayan sun iso daga hannun mutum biyu, kuma rezin ɗin nasu ba iri ɗaya ba ne.

Aksul biyu, sifirin da tayoyi na zubi ne. Ruwa biyu ake gaurayawa a zuba a mazubin silikon, su daskare su fito da siffar abin. Launinsu kamar madara, suna da ɗan nauyi a hannu, kowanne kuma yana maƙale da guntun da aka zuba ruwan ta cikinsa. Wili da kan aksul kuwa na'urar bugu ta 3D ce ta fitar da su, wadda ke daskarar da rezin da haske, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Su toka-toka ne, kaifin zanensu ya fi na zubin nesa ba kusa ba. Na ƙirga noti goma a kowane wili, kamar yadda yake a manyan motocin Turai, na auna da'irar da suka zauna a kai na samu milimita 14. A motar gaske 335 ce, idan ka raba da 24 kusan nan za ka sauka. Raina ya yi fari da wannan.

Kafin komai, wanka. Masu zubi suna shafa wa mazubi wani mai don kada rezin ya kama, man kuma yakan biyo kayan, ya hana gam da fenti zama. Na jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, na bi su ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori, na shanya a kan tawul. Biyu daga cikin wilin suna ɗan danƙo a yatsa, alamar ba su gama nuna a haske ba, sai na ajiye su a bakin taga rana ta ƙarasa aikin.

13 ga Janairu

Tayoyin ba za su yi ba.

Na ɗora ɗaya kusa da ta kwali don in ji daɗin bambancin zane, sai na ga ta fi ta gajarta. Na ɗauko ma'auni. Milimita 43 cif. Girman da aka rubuta a jikinta 315/80 R22.5 ne, kuma lissafin ba wuya: wili inci 22.5 ya kama milimita 571.5, gefen taya kashi 80 cikin 100 na 315, wato 252, sama da ƙasa 504. Jimla ta haura 1,075 kaɗan. A raba da 24, ya kamata in ga 44.8. A raba da 25 kuwa, 43 ke fitowa. Ashe tayoyin awon 1:25 aka aiko mini, irin awon da kamfanin AMT ke yin samfuran motocin Amurka kamar Peterbilt da Kenworth, alhali a tallar an rubuta sun dace da duka biyun.

Wannan magana ta “sun dace da duka biyun” tana ba ni haushi, domin ba gaskiya ba ce. Tazarar kashi huɗu cikin ɗari ce, a madubin gefe ko tankin iska ba wanda zai lura. A taya kuwa kusan milimita biyu ne, motar za ta dusa ƙasa, ramin marfin taya ya yi wayam, wilin da na yi murna da shi kuma ba zai shiga ba sai an kankare shi. Na rubuta wa mai kayan da lissafin gaba ɗaya. Ya amsa cewa ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Na bar maganar a nan, na yi odar wasu daga wani wuri, bayan na roƙi sabon mai kayan ya ɗora ma'auni a kan taya ya turo mini hoto.

Akwai wanda zai ce me ya hana in yi amfani da tayoyin roba na cikin kwali. Dalili biyu ne. Zanensu na titi ne, ni kuwa ina son mai manyan haƙora a baya. Na biyu, irin wannan roba mai laushi wani lokaci takan ci filastik ɗin wili a hankali idan shekaru suka tura, har ya yi laushi ya narke a inda suka haɗu. Ya taɓa faruwa da wata mota tawa, ba na son in sake gani.

20 ga Janairu

Tunda tayoyi sai an jira, na koma kan firam, wanda shi ne ƙashin bayan aikin.

Na kankare duk maƙalan tsohon aksul na baya har sandunan biyu suka yi sumul. Bisa zanen da nake bi, tsakanin aksul na biyu da na uku mita 1.35 ne, wato milimita 56 da ɗan ɗoriya a tebur, kuma don su samu wuri sai na ƙara wa firam tsawon milimita 35. Ban yanka sandunan biyu a wuri ɗaya ba. Na hagu na yanka shi gaba, na dama na ja baya da kamar yatsa biyu, don kada mahaɗan su zo daidai da juna su zama wurin karyewa. Ƙarin na yi shi da filastik na kamfanin Evergreen, na naɗe siffar sandar da falle uku, sannan na shimfiɗa wani dogon falle ta ciki ya haye mahaɗin gaba da baya. Abin daɗi a nan shi ne manyan motoci masu ɗaukar nauyi ma haka ake ninka musu firam ta ciki, don haka ƙarfafawar ba sai na ɓoye ta ba.

Wurin haɗawa na fi ɓata lokaci. Na manna takarda mai layuka a kan gilashi, na kafa rula biyu na ƙarfe a matsayin bango, na kwantar da sandunan a tsakaninsu. Bayan na sa ƙarafan tsakiya, na auna daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, sannan na auna ɗaya gicciyen. Da farko akwai bambancin milimita ɗaya. Na tura a hankali tun gam bai kama ba har suka zo daidai, na ɗora littattafai a kai, na tashi na bar shi kwana biyu. Gam ɗin filastik narkar da fuska biyu yake su haɗe, kuma yana daɗewa yana ja bayan ka zaci ya bushe.

28 ga Janairu

Mako guda ina fama da sassan zubi. Guntun da ke maƙale da kowane sashi ba a karya shi da hannu ko a datse da almakashi, domin rezin ba ya lanƙwasa kamar filastik, tsagewa yake, kuma tsagar takan shiga cikin abin da kake so. Siririn zarto na sa, ina barin ɗan saura, sannan in cinye sauran da samfefa mai lamba 400, in bi da 600. Duk wannan a jiƙe nake yi, da kwanon ruwa a gefe da takunkumi a hanci. Ƙurar rezin laushi gare ta kamar hoda, tana tashi ba ka gani, kuma ba abin da huhu ke so ba ne. A jiƙe kuwa sai ta zama taɓo fari a kan samfefa, ka ɗauraye ka ci gaba.

Sifirin na dama ya zo a karkace, idan ka kalle shi ta sama kamar baka. Na tsoma shi a ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba, na ƙirga ashirin, na fito da shi ya yi laushi kamar ganye. Na danne shi tsakanin rula biyu, na zuba masa ruwan sanyi a haka. Sau biyu na yi kafin ya miƙe. Wannan hali na rezin yana burge ni, kamar yana tuna siffar da aka zuba shi a kai, zafi kawai yake jira ya koma.

Sai kuma ramukan iska. A ƙasan tulun aksul ɗaya na samu guda bakwai, ƙanana kamar bakin allura, ɗaya kuma babba da ya cinye rabin noti. Ƙananan na faɗaɗa bakinsu da tsinin wuƙa tukuna, don idan ba haka ba gam zai rufe sama ne kawai ya bar rami a ciki, sannan na ɗiga sufa-gulu mai kauri. Ba a barinsa ya kwana kafin a goge. Idan ya kwana yakan fi rezin ɗin tauri, samfefa ta cinye gefe ta bar tudu a tsakiya. Notin kuwa na yanke shi gaba ɗaya na dasa sabo daga sandar filastik mai kusurwa shida.

2 ga Fabrairu

Kan aksul ɗaya ya suɓuce daga matsefata ya faɗi ƙasa, gefensa ya ɓalle. Rezin na bugu ƙarfinsa kamar na tangaran ne. Na yi sa'a na tsinci ɓallin, ya koma mazauninsa da ɗigon gam, zan juya wurin ya kalli ƙasa. Daga yau na shimfiɗa tawul a cinya da kuma ƙarƙashin tebur.

10 ga Fabrairu

Sababbin tayoyi sun zo, 44.7 a ma'auni, wili ya shige su ba gardama. Na huda aksul ukun na zura musu sandar tagulla mai kaurin milimita 2 daga wannan gefe zuwa wancan. Tayoyin rezin goma da kan mota ba ƙaramin nauyi ba ne, kuma ƙafar rezin ko ta filastik takan saki a hankali har tayoyi su buɗe kamar ƙafar gwame.

Daga nan na haɗa komai ba gam, da ɗan danƙon manna takarda kawai, na ɗora a gilashi. Motar tana rawa. Na danna gaba ta hagu, baya ta dama ta ɗaga. Na zura takarda ƙarƙashin tayoyin tsakiya na hagu, ta wuce salin-alin. Na ninka, ta wuce. Sai da na kai falle shida kafin ta tsaya, wato kamar milimita 0.6, wanda a motar gaske ya haura santimita ɗaya.

Na sake auna firam, lafiyarsa lau. Na auna sifirin biyu, na samu wanda na miƙar ya fi ɗan'uwansa tudu kaɗan. Na goge shi, sai rawar ta koma wani gefen. Na goge ɗayan, ta dawo. Da na ga na fara cin kayan a banza, na ajiye samfefa na kashe fitila. Raina ya ɓaci sosai a daren nan, ba zan ɓoye ba.

15 ga Fabrairu

Kawuna ya zo, wanda ya yi shekaru yana gyaran manyan motoci kafin gwiwa ta zaunar da shi. Na nuna masa abin da nake ciki. Ya sa tabarau, ya ɗaga firam ɗin a tafin hannu, ya daɗe yana kallon ƙasansa bai ce komai ba. Can ya sa farce a tsakiyar sifirin.

“Ɗana, wannan wurin me ya sa ka kafe shi?”

Na ce, “Kawu, haka mai kayan ya yi shi, da ɗan tudu mai kusurwa huɗu da ke shiga rami.”

Ya girgiza kai. Ya ce a motar gaske sifirin nan a kife yake, tsakiyarsa na zaune a kan wani ƙaton ƙarfe mai juyawa, bakinsa na gaba ya dafa aksul ɗaya, na baya ya dafa ɗayan. Idan tayar gaba ta hau dutse, sifirin ya karkata kamar sikeli, ta baya ta danna ƙasa, nauyi ya rabu. Ya kwatanta da hannunsa, yana karkata tafin gaba da baya. “Kai kana so ka gyara ƙasa ta dace da mota. Bar motar ta nemi ƙasa da kanta.”

Na daɗe ina kallon hotunan wannan ƙarfe ban taɓa tambayar kaina aikinsa ba. Na ɗauke shi ado ne da za a shafa wa fenti. Kafin ya tafi ya ƙara nuna mini cewa sandunan da ke riƙe aksul kada ya juya, na sama da na ƙasa, na sa biyu a juye. Na gyara a gabansa.

18 ga Fabrairu

Na yanke tudun nan mai kusurwa huɗu daga sifirin biyu. Na huda tsakiyar kowanne, na huda mazauninsu a firam, na zura sandar tagulla guda ɗaya ta ratsa duka, ta yadda kowane sifirin ke karkata shi kaɗai. Ramukan da bakin sifirin ke shiga a jikin aksul ma na ɗan buɗe su don a samu wurin motsi.

Gam ɗin filastik ba ya kama rezin ko kaɗan, tunda ba ya iya narkar da shi. Sufa-gulu kuwa yana kamawa kafin ka kifta ido, ba ya ba ka damar gyara. Don haka na kwaɓa gam mai ruwa biyu, irin wanda ke ɗaukar minti talatin. Aksul na gaba na fara kafewa jiya, na tabbatar ya yi daidai da firam. Yau na shafa gam a mahaɗan baya duka a lokaci ɗaya, na sa tayoyi, na sauke motar a kan gilashi a hankali. Na ji ɗan motsi a yatsuna lokacin da sifirin suka karkata kowanne ya samu wurinsa. Na jera rula a gefen tayoyi don su tsaya a layi, na auna tsakanin aksul hagu da dama, 56 da 56, na ɗora ɗan ƙarfe mai nauyi daidai inda farantin jan tirela zai zauna.

19 ga Fabrairu

Da safe na ɗauke nauyin, na yanko siririyar takarda na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, har na ciki waɗanda sai ka kwantar da kunci a tebur kake ganinsu. Ba inda ta shiga. Na danna kusurwa huɗu, ko motsi. Alhamdu lillahi. Na ɗauki hoto daga ƙasa na tura wa Kawu.

1 ga Maris

Farfela biyu na yi da bututun tagulla, doguwa daga akwatin giya zuwa aksul na tsakiya, gajeriya tsakanin aksul biyun, na yi amfani da mahaɗan da na yanko daga ta kwali. Tankin mai ya matsa gaba, akwatin batir ma haka, don wuri ya ƙure. Wayoyin iska na birki na ja su da siririyar waya mai laushi.

Fentin shimfiɗa ya tona mini asiri a wuri ɗaya. Ina fesawa sai na ga a kan tulun aksul na baya fentin yana gudu yana barin ƙananan idanu, kamar ruwa a kan faranti mai maiƙo. Man mazubi ne ya maƙale a lungun da buroshi bai kai ba. Na bari ya bushe, na kankare wurin, na goge da auduga da sifirit, na sake fesawa sama-sama sau uku maimakon sau ɗaya mai kauri. Ya zauna. A jikin wili kuma fentin ya fito da layukan bugu, sirara kamar zanen yatsa, waɗanda ido bai gani ba a da. Biyu na gaba kawai na bi da samfefa mai lamba 1000, da na waje a baya. Na ciki ba mai ganinsu.

9 ga Maris

Firam ya sha fentinsa, toka mai duhu. Tayoyi ban yi musu baƙi ƙirin ba, na gauraya da ɗan toka da ƙasa-ƙasa, domin tayar da ta yi aiki ba ta baƙi. Na kankare fenti daga bakin sandunan tagulla kafin in mayar da wili, kowanne a gurbin da na rubuta masa lamba tun ranar gam, don kaurin fenti kaɗai ya isa ya dawo da rawar da na sha wuya a kanta. Na sake gwajin takarda, goma duka suna ƙasa.

Na ɗora kan motar ba gam don in ga zamansa. Nauyinsa bai ɗaga baya ba, amma yana ɗan jingina hagu, kamar rabin milimita a saman rufi, kuma na gano maƙalin baya ne bai zauna sosai ba. Shi zan fara gyarawa. Bayansa akwai marfin tayoyin baya da zan lanƙwasa daga fallen filastik, da matakalar bayan kai, da harafin E da zan nemo don gaban mota. Gilasai sai ƙarshe, da farin gam na katako, saboda tururin sufa-gulu yana bar musu farin hazo mai wuyar goguwa. Launin kan motar har yanzu ina tsakanin ja da shuɗi mai duhu, na fesa duka biyun a bayan cokulan roba na jingina su kusa da firam, zan duba su gobe da hasken rana.